Malpasset: nauyin da bai shiga lissafi ba

A kudancin Faransa, cikin wani kwazazzabo da ke arewa da garin Fréjus, har yau ana ganin ragowar wani bangon kankare tsaye a gaɓar dama ta kogin Reyran, ya karye hawa-hawa kamar matakala. A gaɓar hagu kuwa bangon ya tafi gaba ɗaya, sai wani ƙaton dunƙulen kankare da ya rage a can sama, shi ma ya gusa daga mazauninsa da kimanin mita 2. A ƙasansa akwai wani wawakeken rami a jikin dutsen, mai fuska biyu da suka haɗu a ƙasa, kamar an sa gatari an sare ɓari guda an cire. Idan mutum ya bi kwarin ya gangara, zai riƙa cin karo da gutsattsarin bangon, wasu nauyinsu ɗaruruwan tan, yashe a wuraren da suka fi kilomita ɗaya nisa da inda aka gina su.

Wannan shi ne abin da ya rage na madatsar ruwan Malpasset, wadda ta ɓalle a daren 2 ga Disamba 1959, da ƙarfe 9:13, ta kashe mutum 423. Ramin nan na gaɓar hagu shi ne abin da za a zuba wa ido, domin a nan amsar take.

Idan gini ya rushe a wajenmu, kafin ƙura ta lafa an riga an yanke hukunci: an ci kuɗin siminti, an rage rodi, ɗan kwangila ya yi ha'inci. Sau da yawa kuma hakan ne. Abin da ya sa Malpasset ta tsaya mini a rai shi ne babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. An ɗebi kankaren an gwada bayan hatsarin, aka same shi da kyau. An sake bin lissafin bangon, aka ga bai ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa ba. Ba a yi girgizar ƙasa a daren ba. An binciki zargin zagon ƙasa da na nakiyar da masu aikin hanya ke fasa dutse da ita a kusa, duk aka kore su. Wanda ya zana dam ɗin kuma ba ɗan koyo ba ne. André Coyne ne, mutumin da a zamaninsa da wuya a sami wanda ya fi shi sanin irin wannan gini. Shi ya zana dam ɗin Tignes a Faransa, shi ne kuma ya zana na Kariba a kan kogin Zambezi, wanda aka kammala bangonsa a 1959 ɗin nan, yake kuma tsaye har gobe.

An fara ginin Malpasset a 1952 aka gama a 1954, domin samar wa yankin ruwan sha da na ban-ruwa, kasancewar ƙasar tana fama da fari a lokacin zafi. Tsayin bangon ya kai kimanin mita 60 daga gindin kogi, tsawonsa a sama mita 222. Kaurinsa ne abin mamaki: mita 1.5 kacal a sama, ƙasa da mita 7 a gindi. Da wannan siririn bango aka yi niyyar tare ruwa kubik mita miliyan 50.

Yadda siririn bango ke tare tafki

Dam na kankare iri biyu ne manya. Akwai wanda ke tsayawa da nauyinsa kawai, mai faɗin gindi, ruwa ya tura shi ya kasa motsa shi saboda ya yi masa nauyi. Akwai kuma mai lanƙwasa, irin na Malpasset. Wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin tsohon soro ya ga rufin bakan gizo zai gane shi nan da nan: nauyin da ke sama ba ya faɗowa tsakiyar ɗaki, yana bin lanƙwasar ne ya sauka a bangayen gefe, shi ya sa magina ke ƙara wa bangayen nan kauri. To a kwantar da bakan gizon a ƙasa, a juya ƙusumbinsa wajen tafki, a kafa ƙafafunsa biyu a jikin duwatsun gaɓa. Ruwa ya danno, bangon ya matse, ya miƙa turin ga duwatsun. Kankare kuwa yana jure matsi ƙwarai, ja ne ba ya so. Saboda haka dam mai lanƙwasa ba ya buƙatar kauri. Amma ma'anar wannan ita ce ba shi ke riƙe da ruwan ba. Shi ɗan aike ne. Dutsen gaɓa ne mai ɗaukar kayan.

Kayan kuma ba kaɗan ba ne. Nauyi na farko da injiniya ke zama ya lissafa shi ne turin ruwan tafkin kansa. Kowane mita ɗaya na zurfi yana ƙara tan ɗaya a kan kowane murabba'in mita na fuskar bango. A zurfin mita 10, tan 10 ke nan. A gindin bango mai mita 60, tan 60 a kan fili mai faɗin ƙaramar tabarma. Idan aka tara turin daga sama har ƙasa a kan yanki mai faɗin mita ɗaya, ana samun tan 1,800. Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne girman tafkin bai da ruwa a wannan lissafi. Ko tafkin ya miƙe kilomita 100 ko mita 100 ne, in dai zurfin ɗaya ne a jikin bango, turin ɗaya ne. Zurfi ne komai. Kuma ba a hankali yake hawa ba: a ninka zurfi sau biyu, turi ya ninka sau huɗu, ƙarfin da ke neman kifar da bangon ya ninka sau takwas. Shi ya sa mitocin ƙarshe na cikar tafki suka fi kowanne haɗari. Daga mita 56 zuwa 60 ƙarin tsayin bai kai kashi 8 cikin ɗari ba, amma ƙarin turin ya kusa kashi 15.

Sai nauyin kankaren kansa, kimanin tan 2.4 a kowane kubik mita. Sai laka da yashin da kogi ke kawowa su kwanta a gindin bango shekara da shekaru, su ma suna turi, ga shi sun fi ruwa nauyi. Sai igiyar ruwa idan iska ta taso, da ƙanƙarar da ke daskarewa a saman tafki a ƙasashen sanyi ta kumbura ta danna bango. Sai ambaliya mafi girma da ake tsammani, wadda ke ɗaga ruwa sama da ƙa'idarsa, ita ce kuma ke nuna girman mazubar da za a bar wa rarar ruwa. Girgizar ƙasa tana da nata babi, domin idan ƙasa ta motsa ba bangon kaɗai ke jijjiga ba, ruwan da ke jingine da shi ma yana dukansa. Dam ɗin Koyna na Indiya ya tsattsage ta wannan hanya a Disamba 1967, ko da yake bai faɗi ba.

Zafi da sanyi ma kaya ne, duk da ba a ɗora su a sikeli. Bango mai lanƙwasa a ɗaure yake tsakanin duwatsu biyu, ba shi da inda zai miƙe. Da zafi sai ya kumbura ya ƙara turo ƙirji wajen tafki, da sanyi ya ƙanƙance ya ja baya wajen gangare. Idan sanyi ya haɗu da cikakken tafki, su biyun gefe ɗaya suke tura shi.

Masu zanen Malpasset sun san aikinsu a wannan fanni, bangon da suka zana kuma ya isa ya ɗauki abin da suka ɗora masa. Saura nauyi guda, wanda su ma sun san da shi sarai, suka ajiye shi gefe bisa wani dalili da kowa a lokacin ya yarda da shi.

Ruwan da ke turowa daga ƙasa

A ɗauki bokitin da babu komai a ciki a danna shi cikin randa cike da ruwa. Hannu zai ji yana turowa sama. Ruwa ba gefe kaɗai yake turi ba, ko'ina yake turi, har sama. Babu kuma dutsen da ba shi da tsaga, babu kankaren da ya manne da dutse har ruwa ya rasa kafa. Ruwan tafki yana kutsawa ƙarƙashin dam, yana shiga da matsinsa, ya riƙa ɗaga ginin kamar yadda ɗan man da ke cikin jak ke ɗaga babbar mota. Ba sai ruwan ya yi yawa ba. Tsaga mai kaurin takarda, in dai ta haɗu da tafki, matsin da ke cikinta daidai yake da na tafkin.

Faransawa sun fi kowa sanin wannan, domin a ƙasarsu aka koye shi da jini. A Afrilu 1895 dam ɗin Bouzey da ke kusa da garin Épinal ya karye ya kashe mutum fiye da 80, bayan ruwa ya shiga tsagar bangonsa ya rage masa nauyi. A shekarar ne injiniya Maurice Lévy ya fitar da ƙa'idarsa cewa dole matsin da ke cikin bango a fuskar tafki ya fi matsin ruwan da ke wurin, don kada tsaga ta sami damar buɗewa. Tun daga nan turin ƙasa ya zama dole a lissafin duk dam mai tsayawa da nauyinsa.

Ga dalilin a lambobi. A ƙaddara dam mai nauyi ne, tsayinsa mita 60, faɗin gindinsa mita 48. Nauyin yanki mai faɗin mita ɗaya zai kai tan 3,450. Idan ruwa ya shiga ƙarƙashinsa da cikakken matsi a gaba, ya riƙa raguwa har ya ƙare a baya, zai ɗaga shi da tan 1,440. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na nauyin da aka dogara da shi ya tafi ke nan. Babu mai wasa da wannan. Amma a yi wa Malpasset irin lissafin: gindin bai kai mita 7 ba, turin ƙasan kimanin tan 200 ne kacal, ga shi kuma bangon ba da nauyinsa yake tsaye ba balle a ce an rage masa. Sai aka ce turin ƙasa ba matsalar dam mai lanƙwasa ba ce. Ba a huda ramukan tsiyayar da ruwa a cikin dutsen ba. Ba a dasa na'urorin auna matsin ruwa a cikinsa ba.

Lissafin nan daidai ne, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Ba a yi kuskuren tarawa ko ninkawa ba. Kuskuren yana wurin da aka ja layi aka ce nan gini ya ƙare. An tsaya a inda kankare ya taɓa dutse, aka ɗauki abin da ke ƙasa a matsayin abu guda dunƙulalle wanda ba ya motsi.

Dutsen kuwa ba haka yake ba. Irin wanda masana ke kira nais ne, mai shafi-shafi kamar takardun littafi, cike da ƙananan tsagogi. Binciken da aka yi masa kafin gini kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da abin da ake yi yau, akasari kallon sama da 'yan ramuka marasa yawa. Abubuwa biyu suka ɓoye a ciki. Na farko, shafukan dutsen sun karkata ne ta yadda a gaɓar dama turin bangon ke sauka a kansu a gicciye, a gaɓar hagu kuwa yana bin tsawonsu. Mai faskare ya san bambancin: gatarin da ya gicciye itace a sama yake tsayawa, wanda ya bi jijiya kuwa har ƙasa yake zarcewa. Na biyu, akwai wata babbar tsaga cike da yumɓu da ta ratsa kwarin, ta fito fili a bayan dam wajen gangare, ta nutse ta ƙarƙashinsa a karkace kimanin digiri 45. Ba a san da ita ba sai da ambaliyar ta wanke ƙasar da ta rufe ta.

Makonnin ƙarshe

Shekara biyar dam ɗin yana tsaye tafkin bai taɓa cika ba, saboda ƙarancin ruwan sama da kuma jayayyar biyan diyyar filayen da ruwa zai shafe. Wannan jinkiri ya sa jama'a suka saba da shi, suka ɗauka an gama gwada shi, alhali cikar farko ita ce jarrabawar kowane dam, shi kuma bai zauna ta ba tukuna.

A rabin ƙarshe na Nuwamba 1959 aka yi ta sheƙa ruwa a yankin ba ƙaƙƙautawa. Tun a tsakiyar watan an ga ruwa garai-garai yana ɓulɓulowa daga dutse a gaɓar dama, a bayan dam. Tafkin ya riƙa hawa, a kwana ukun ƙarshe kaɗai ya ƙaru da kimanin mita 4. Akwai bawul a gindin dam na sakin ruwa, sai dai a ƙasa kaɗan ana aikin gadar babbar hanyar mota, ana tsoron ruwan ya lalata sabon aikin, don haka aka jinkirta buɗewa. Ranar 2 ga Disamba injiniyoyi suka zo suka duba bangon ba su ga abin tsoro ba, aka ba da izinin buɗe bawul ɗin da ƙarfe 6 na yamma. Cikin awa uku ruwan bai sauka ba sai 'yan santimita.

Ana yawan tsayawa a kan wannan jinkiri, kuma da hujja. Da an buɗe da wuri da wataƙila daren ya wuce lafiya. Amma ni ban ɗauke shi a matsayin tushen lamarin ba. Ruwan bai tsallake bangon ba, bai ma kai bakin mazubar rara ba. Dam ɗin da ba zai iya riƙe ruwa a wannan matsayi ba, ranarsa kawai yake jira, in ba wannan shekara ba wata.

Da bangon ya tafi, ruwa mai tsayin kusan mita 40 ya faɗa kwarin. Ya share sansanin ma'aikatan hanya da ƙananan ƙauyukan da ke kusa, ya isa Fréjus cikin kimanin minti 20, ya bi ta unguwannin yammacin garin ya faɗa Bahar Rum. An san tafiyarsa dalla-dalla ne ta lokutan da taransifomomin lantarki suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya a kan hanyarsa, har yau kuma masu kwaikwayon ambaliya a kwamfuta da waɗannan lokuta suke gwada ingancin lissafinsu. Cikin mutum 423 da suka rasu, 135 yara ne. Dare ne na sanyi, akasarin mutane suna cikin gidajensu. Girman rashin ya kai ga kafin watan ya ƙare majalisar Faransa ta yi dokar da ta ba shugaban ƙasa ikon amincewa a ɗaura aure da mamaci idan an riga an yi nisa da shirin auren, bayan wata budurwa da ruwan ya ci saurayinta ta kai kukanta ga Shugaba de Gaulle.

Abin da ramin ya nuna

An ɗauki shekaru ana bincike, kwamiti bayan kwamiti, ba su kuma yi baki ɗaya ba da farko. Gwajin da aka yi wa dutsen a wurin ya nuna ya fi yadda aka zata laushi nesa ba kusa ba, wato yana lotsawa sosai idan an danna shi. Bayanin da ya samu karɓuwa a ƙarshe ya fito ne daga aikin injiniyoyi irin su Pierre Londe, na kamfanin Coyne ɗin kansa, tare da gwaje-gwajen da aka yi wa samfurin dutsen a ɗakin bincike. Gwajin ya gano wata ɗabi'a da ba a zata ba: idan aka matse wannan dutse, ƙananan tsagoginsa suna rufewa, ruwan da ke iya ratsa shi ya ragu ninki ɗari ko kusa da haka.

A haɗa wannan da karkatar shafukan. A gaɓar hagu turin bangon bai bazu cikin dutse ba, ya bi shafukan ya nutse can ƙasa a siririn layi, ya matse duk abin da ke kan hanyarsa. Wurin da aka matse ya toshe. Ba tare da kowa ya zana shi ba, sai ga wani dam na biyu ya samu a ƙarƙashin ƙasa, ci gaban na farkon, wanda ido ba ya gani. A da ruwan da ke kutsawa cikin dutse yana wucewa ne a hankali, matsinsa na raguwa a hanya. Yanzu ya iske ƙofa a rufe, ya taru a bayanta da cikakken matsin tafki. Bangon kuma, da yake dutsen na lotsawa, ya ɗan gusa wajen gangare, tsaga ta buɗe a dutsen da ke gindinsa ta fuskar tafki, ruwa ya sami babbar hanyar shiga har ƙasa.

To ga ɓarin dutse a tsakiya. Ta gaba shafin dutse ya yanke shi, ruwa na danna shi. Ta ƙasa da baya tsagar nan mai yumɓu ta yanke shi, ga santsi, ga shi ba ta barin ruwa ya tsere, ga shi kuma ta hau sama ta fito fili, kamar an shimfiɗa masa hanyar zamewa. A yi misali: fuskar dutse mai murabba'in mita 1,000, matsin tan 50 a kowanne, tan 50,000 ke nan. Ba tan 200 ɗin da aka raina ba. Abin da ke danne ɓarin shi ne nauyinsa da ɗan abin da bangon ya ɗora masa, bangon kuwa da gangan aka yi shi marar nauyi. Da mitocin ƙarshe suka hau, turin ya rinjayi nauyin, ɓarin ya zame sama da waje, ɗauke da ƙafar dam ɗin a kansa. Bangon ya nemi madogara, ya jibga kayansa duka a kan dunƙulen kankaren da ke sama a gaɓar hagu, shi ma ya gusa. Bakan gizon da ya rasa ƙafa ɗaya kuwa ya gama.

Wato dam ɗin da kansa ya haifi nauyin da ya kashe shi. Kafin a cika tafki babu wannan nauyi a wurin, babu mai binciken da zai haƙa ya same shi kwance yana jira. Turin bango ne ya sauya halin dutse, sauyin halin dutse ya sauya hanyar ruwa, ruwan ya dawo ya ɗaga dutsen da bangon ke tsaye a kai. Jerin nauye-nauyen da ake koya wa ɗalibi, ruwa daban, laka daban, zafi daban, yana sa a ɗauka kowanne zaman kansa yake yi, a lissafa shi a tara. A Malpasset ɗaya ne ya haifi ɗaya.

Shari'a ta yi tsawo. An gurfanar da wani babban injiniyan gwamnati aka sallame shi, kotunan ƙoli kuma suka tsaya a kan cewa babu wanda za a ɗora wa laifi, tarko ne na halitta da ilimin lokacin bai kai ya hango ba. Coyne bai ga ƙarshenta ba, ya rasu a Yuli 1960, wata bakwai da 'yan kwanaki bayan hatsarin. Na yarda da rabin hukuncin. Toshewar dutse a ƙarƙashin matsi abu ne da ba a sani ba a 1952, ba adalci ba ne a hukunta mutum da ilimin da mutuwar wasu ta samar daga baya. Amma ba sai an san sunan ciwo ake auna zafin jiki ba. Binciken dutsen bai kai girman abin da aka ɗora masa ba. Awon motsin bangon jefi-jefi ake yin sa, ba kullum ba, a daidai lokacin da tafki ke hawa matsayin da bai taɓa kaiwa ba. Ruwa ya ɓullo a inda ba a saba gani ba, babu na'ura ko ɗaya a cikin dutsen da za ta faɗi abin da ke faruwa. Babu kuma wani shiri na sanar da mutanen gari, alhali minti 20 sun isa mutum ya ɗauki 'ya'yansa ya hau tudu. Waɗannan ba sa buƙatar sabon ilimi.

Abin da ya biyo baya ya sauya sana'ar. Nazarin ƙarfin duwatsu ya tashi daga gefen ilimin ƙasa ya zama fanni mai cin gashin kansa, har aka kafa ƙungiyarsa ta duniya a 1962. Faransa ta kafa kwamitin ƙwararru na dindindin a 1966, wanda dole duk zanen babban dam ya bi ta hannunsa, komai sunan wanda ya zana. Londe ya fitar da hanyar lissafin da ake bi har yanzu: a nemo duk ɓarin dutsen da tsagogi suka yanke a gaɓa, a ɗora masa turin bango da nauyinsa da matsin ruwa a kowace fuska, a ƙaddara mafi munin hali, a ga ko zai zame. Dutsen gaɓa ya shiga cikin ginin ke nan. Ɗura ruwan siminti a tsagogi don rage kutsen ruwa ya ci gaba, amma an gane shi kaɗai bai isa ba, domin ba ya shiga tsagar da ta yi sirantaka, ita kuwa tana ɗaukar matsi. Abin dogaro shi ne a huda layin ramuka a bayan shingen simintin, a bai wa ruwan da ya kutso hanyar fita ba tare da ya tara ƙarfi ba.

Manyan madatsun da ke ƙasar Hausa, irin su Tiga da Goronyo da Challawa, akasarinsu na ƙasa ne da aka dandaƙe, ba siririn kankare ba, kuma yadda suke lalacewa daban ne: ruwa ya tsallake su ya zaizaye, ko ya yi rami a cikinsu yana kwashe ƙasa. Mutanen Kano ba su manta da ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988 ba, na Maiduguri kuma da ta Alau a Satumba 2024. Ba zan haɗa sanadinsu da na Malpasset ba. Inda suka haɗu shi ne matsin ruwan da ke cikin jikin dam da ƙarƙashinsa, wanda ba a ganinsa daga kan hanya, sai an auna.

Awon kuma ba wani abin ƙawa ba ne. A cikin babban dam na kankare na yau akwai rami mai tsawo kamar lungu, mai danshi da duhu, wanda mutum ke tafiya a ciki. A jikin bangonsa bututu ne jere, kowanne da lambarsa, suna ɗigar da ruwan da aka tsiyayo daga dutse. Ma'aikaci yakan bi su da fitila da gwangwanin awo da agogo, ya tara ruwan kowane bututu ya ga daƙiƙa nawa ya cika, ya duba ko garai yake ko ya yi laka, ya karanta allurar na'urar matsi, ya rubuta a littafi. Idan ruwan bututu ya ƙaru, abin bincike ne. Idan kuma ya ɗauke alhali allurar matsi tana hawa, wannan ya fi muni, domin alama ce hanya ta toshe, ruwan yana taruwa a wani wuri. Irin abin da ya yi ta faruwa ke nan a ƙarƙashin gaɓar hagu ta Reyran a cikin Nuwamba 1959, inda babu bututu ko ɗaya, babu allura, babu littafin da za a rubuta a ciki.